Jar Fitila da Allura Biyu

Wannan makon gareji zan shigar da ku, sai ku yi haƙuri da ƙaurin baƙin mai.

A gaban direban kowace mota akwai wata 'yar jar fitila mai hoton buta, ɗigo ɗaya na faɗowa daga bakinta. In ka murɗa makulli sai ta kama, da inji ya tashi sai ta mutu. Yawancin masu mota sun ɗauke ta mai gadin inji, wato muddin ba ta kama ba komai lafiya. Ni kuwa a ganina aikinta ya fi kama da na mai kawo saƙon rasuwa. Abin da ke kunna ta wani ɗan makunni ne da aka ɗaure a jikin inji, kuma abu biyu kaɗai ya sani, akwai ko babu. A yawancin tsofaffin motoci ba ya motsi sai matsin mai, wanda 'yan gareji ke kira furesha, ya faɗo ƙasa da PSI 7, wasu ma sai wajen 3 ko 4. PSI ɗin nan shi ne dai wanda mai faci ke dubawa in yana ba taya iska. Injin da ke gudu a kan titi kuwa yana son 30 zuwa sama. To ka ga tsakanin 30 da 5 akwai fili mai faɗi, inji na iya yin watanni yana cin kansa a cikinsa fitila na barci. Ranar da ta kama mota na cikin gudu, sau da yawa ihu ne bayan hari.

Motar da nake magana a kanta Toyota HiAce ce, ƙirar nan da aka fara fitarwa a 1989, mai injin fetur 2RZ lita 2.4 a ƙarƙashin kujerar gaba. Mahaifinmu ya bar mana ita, kuma ita ce ke riƙe da tukunyar gidan. Tana ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu daga Kaduna zuwa Jos, ta Pambegua da Saminaka da Jengre, ta dawo da dankali da kayan lambu. Wanda ke tuƙa ta aminin mahaifinmu ne, tun muna yara Baba muke ce masa. In injin motar nan ya buga ba mu da kuɗin wani. Kuɗin makarantar ƙannena ma a cikin tankinta yake kwana.

Bari in faɗi abin da man yake yi a ciki, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. Karanshaf yana juyawa ne a cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da rabin awarwaro, waɗanda bakanike ke kira metal. Tsakaninsa da su akwai rata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Famfon mai yana tura mai cikin wannan ratar, sai karanshaf ya zama kamar yana yawo a kan mai, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Shi famfo mai kawai yake turawa, ƙuncin hanya ne ke haifar da matsi. Kamar tiyon ban ruwa ne, in ka danne bakinsa da ɗan yatsa ruwa ya fita da ƙarfi, in ka saki ya zuba a sanyaye. Yayin da metal ke cinyewa ratar tana buɗewa, mai yana tserewa ta gefe, matsi yana sauka sannu a hankali. Shi ya sa gejin matsi a tsohon inji yake zama kamar ma'aunin tsufansa.

Sai dai matsi shi kaɗai yakan yi yaudara, kuma nan ne geji na biyu yake shigowa. Duk wanda ya taɓa zuba manja da sanyin safiyar hunturu ya san yadda zafi ke canza mai. Baƙin mai 20W-50, wanda aka fi zubawa tsofaffin motocinmu, kaurinsa a digiri 40 ya ninka na digiri 100 wajen sau takwas. Saboda haka ko injin da ya gama cinyewa zai nuna maka matsi mai kyau da safe, mai na da kauri. Gaskiyarsa ba ta fitowa sai mai ya yi zafi sosai. In ka ce min allura na kan 25, ba ka faɗa min komai ba sai ka ƙara da cewa a digiri nawa, kuma inji na juyi nawa.

Wani zai ce ai akwai gejin zafi a mota tun daga kamfani. Akwai, amma ruwan lagireto yake aunawa. Ruwa yana da mai daidaita shi, wato tamostat, da fanka. Mai a injin irin namu ba shi da kowa sai iskar da ke bugun kaskonsa ta ƙasa. Allurar ruwa na iya zama daram a tsakiya alhali mai ya haura digiri 120. Inda ake son mai ya zauna shi ne wajen 90 zuwa 110. Ƙasa da haka sosai, laimar ruwa da ɗan fetur ɗin da ke sulalowa cikinsa ba sa ƙonewa su fita. Sama da haka kuma yana tsinkewa, yana saurin lalacewa. Ƙa'idar da aka koya mana a aji ita ce kowane ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai.

Ba sabon abu ba ne fa. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar Marsandi 200 ko 230 ta shekarun 1980 ya ga allurar matsin mai a gaban direba, haka ma tsofaffin Land Cruiser. A motar haya dai aka ga fitila ta fi araha.

Da na kawo maganar a gida ba wanda ya musa, tun da an san abin da na karanta ke nan. Mai musun yana tasha. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, shekara nawa ina jan motar nan? Tari in ta yi na san abin da ke damunta. Agogo za ka sa min ya koya min tuƙi?"

Na ce, "Baba, ba don kai ba ne, don injin ne. Ya tsufa."

Ya ce, "Ni ma na tsufa, ba a sa min agogo ba."

Sai da Umma ta sa baki ya yarda. Daga baya na fahimci abin da ya fi ci masa rai. Gani yake kamar ɗan leƙen asiri za a dasa masa, ranar da wani abu ya lalace a ce ai allura ta nuna bai kula ba. Direban da ke jan motar marayu yana ɗauke da nauyin da ba a gani, kuma tsoronsa ba na banza ba ne.

Geji iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ake jawo masa siririn bututu daga inji har gaban mota, man da kansa ya zo ya tura allura. Ba ya ƙarya, ba ruwansa da wuta, amma ranar da bututun ya tsage tafasasshen mai zai feso a ƙafar direba, inji kuma ya zubar da mansa cikin 'yan mintuna. A motar da ke ɗaukar mutane ban ga dalilin wannan kasadar ba. Na zaɓi na lantarki, wanda ake ɗaura masa sansa a jikin inji, waya kawai ta shigo ciki. Na samu guda biyu masu faɗin milimita 52 a Panteka, na zafi daga digiri 50 zuwa 150, na matsi daga sifili zuwa 80.

Abu ɗaya da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne kowane geji da sansarsa suke tafiya. Sansar matsi ta tsarin Turai, irin ta VDO, tana tashi daga om 10 zuwa 184. Ta tsarin Amurka kuwa daga 240 take saukowa zuwa 33, wato a juye. In ka haɗa gejin wannan da sansar wancan, allura za ta motsa, har ta yi kyau a ido, amma tatsuniya take ba ka. Na ƙi karɓar ko ɗaya sai wanda ya zo da abokinsa a kwali guda.

Wurin ɗaurawa shi ya fi cin tunani. Hanya mafi sauƙi a ido ita ce a kwance makunnin jar fitila a sa sansa a raminsa. Ban yarda da wannan ba, don fitilar duk da laifinta tana da amfani ɗaya, ido ya fi saurin kama jan haske a kan allura. Wasu kan sa mahaɗi mai baki uku, makunni da sansa su raba rami ɗaya. A nan akwai tarko guda biyu. Na farko haƙora. Ramin injin Toyota tsarin Birtaniya ne, haƙora 28 a kowane inci, yawancin sansar kasuwa kuma tsarin Amurka ce, haƙora 27. Bambancin haƙori ɗaya ne tak, shi ya sa take shiga juyi biyu ko uku kamar da gaske, sannan ta cije. Mai ƙarfin hannu ya ƙara mata sifana, shi ke nan an ɓata ramin inji, ko kuma ta riƙa tsatsafo har abada. Tarko na biyu nauyi. Sansar matsi tana da jiki kamar ƙaramin gwangwanin tumatir. In ka rataye ta a bakin siririn mahaɗin tagulla, girgizar inji da ramukan hanya za su yi ta lanƙwasa shi har ya karye, kuma ba a gareji zai karye ba.

Abin da muka yi shi ne muka sa wani faifan alminiyam mai kauri tsakanin filta da jikin inji. Yana da ramuka a gefe waɗanda aka yanka daidai da sansa, kuma duk man da famfo ya turo ta cikinsa yake bi. Sansar zafi ta zauna a jikin faifan. Ta matsi muka jawo mata gajeren tiyo mai jure zafi da matsi muka ɗaure ta a jikin bodi, inda girgiza ba ta kai ta inji ba. Makunnin kamfani yana nan a raminsa ba a taɓa shi ba. Sharaɗin faifan ɗaya ne, duk ranar juye a tabbatar bai kwance tare da tsohuwar filta ba.

Mai wayarin ya so ya naɗe haƙoran sansa da farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo. Na roƙe shi ya bari. Sansa mai waya ɗaya ta jikin haƙoranta take samun at, in tef ya raba ta da ƙarfe sai allura ta riƙa rawa ko ta ba da ƙarya, ga kuma guntun tef na iya shiga hanyar mai. Ɗan man liƙi kaɗan ya isa. Ita kuma ta matsi da ke jikin tiyo, waya daban muka ja mata zuwa jikin inji. Wuta muka ɗauko daga layin da ke zuwa bayan an murɗa makulli, da fiyus ɗinsa, hasken cikin geji kuma daga ƙananan fitilu. Waya nesa da salansa. Yini ɗaya aka gama.

Kafin in yarda da abin da suke faɗa na gwada su. Sansar zafi tun kafin a ɗaura ta na tsoma ta a tafasasshen ruwa, allura ta tsaya dab da 100. Ta matsi kuma muka kwatanta ta da gejin hannu na bakanike, suka zo kusan ɗaya.

Na bi su Jos a tafiyar farko, ina gaba da littafi a cinya. Da asuba allurar matsi ta tashi 60, Baba ya dube ni ta gefen ido bai ce komai ba. Kafin Pambegua mai ya kai digiri 100, matsi ya sauko wajen 30 a kan gudu. Duk inda muka tsaya sai ya faɗo 9. Kaduna tana wajen mita 600 sama da teku, Jos wajen 1,200, kuma daga Jengre ake jin hawan a jikin mota. A nan na ga abin da ban taɓa gani da ido ba sai a takarda. Allurar ruwa tana tsakiya ko gezau. Ta zafin mai tana tafiya a hankali, 110, 115, har ta wuce 120. Ta matsi kuma tana yin ƙasa, kamar su biyun a kan sikeli ɗaya suke. Da muka tsaya a shingen jami'an tsaro bayan hawan, matsi na kan 6. Jar fitila ba ta ko ƙifta ba.

Amma ga wani abu. A tsakiyar hawan, tun inji bai fara nishi ba, Baba ya sauke giya zuwa na uku ya ɗan sassauta ƙafa a kan totur. Fasinjoji sun saba yi masa tsiya a kan haka, wai tsoho ba ya son gudu. Ina kallo allurar matsi ta ɗago. Inji ya ƙara juyi, famfo ya ƙara turi, nauyin da ke kan metal ya ragu. Na nuna masa.

"Baba, ka ga abin da ka yi?"

Ya ce, "Me na yi?"

"Ka ƙara mata mai a inda take buƙata."

Ya yi shiru, can ya ce, "Ni dai na san in na bar ta a na huɗu muryarta ba ta min daɗi."

An ce gani ya kori ji, amma a ranar gani shaida ya ba ji. Ina da yaƙinin wannan ɗabi'ar tasa ce ta kawo injin nan yau. Abin da kunnensa ba ya iya ji shi ne zafin mai, don zafi ba ya ƙara sai ya gama ɓarna.

Da muka dawo muka auna a gareji yadda littafi ya ce, inji da zafinsa, da na'urar ƙirga juyi. Littafin gyara na Toyota na wannan dangin inji yana neman aƙalla PSI 4.3 in inji na aiki ba a taka totur ba, da 36 zuwa 71 a juyi 3,000 a minti. A na farko mun tsallake. A na biyu 29 muka samu. Injin bai mutu ba, amma ya kama hanya.

A nan ne abin ya tashi daga maganar ƙarfe ya koma maganar gida. Kafin a sa geji kowa na barci lafiya. Yanzu ga lamba a gabanmu, ba a kuma iya mayar da ita inda ta fito. Bakanike ya kawo shawarar a ƙara wani abu mai kauri kamar zuma da ake sayarwa a gwangwani. Lallai allura za ta ɗago, amma ratar tana nan yadda take, kuma da sanyin safiya man zai daɗe kafin ya kai sama. Wannan lallashin allura ne, ba gyaran inji ba. Yayana kuma, wanda shi ke fama da lissafin gidan kuma ban ga laifinsa ba, ya ce a cire gejin a wanke mota a sayar tun tana tashi da bugu ɗaya. Ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, jar fitila ba ta kamawa, ba mai sayen da zai gane.

Umma ta tambaye ni, "In wani ya saya, me zai same shi?"

Na ce, "Umma, zai iya yin shekara, zai iya yin wata uku. Ya danganta da lodi da wanda ke tuƙi."

Ta ce, "To shi ma wani gidan zai ciyar da ita. In za a sayar, da agogon za a sayar, a kuma faɗa masa abin da ya nuna."

Da wannan sharaɗin kuɗin da za a samu ba zai sayi wata motar kirki ba, saboda haka maganar sayarwa ta mutu.

Muka fara da mai araha. Aka sauke kaskon mai don a duba rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta. Kusan rabinta a toshe take da daskararren mai da guntayen gam ɗin da aka yi ta shafawa a madadin gasket shekara da shekaru. Aka wanke, aka duba bawul ɗin da ke rage matsi in ya yi yawa, lafiyarsa ƙalau. Bayan an mayar, a juyi 3,000 muka samu 34. A tsaye kuwa daga 9 zuwa 10 kawai ya motsa. Wannan ma bayani ne. Toshewar rariya ta fi cutarwa lokacin da famfo ke neman mai da yawa, shi ya sa na sama ya gyaru. Na ƙasa da ya ƙi motsi yana nuni da cinyewa, ko a metal ko a famfon kansa, ko duka biyun. Sai an buɗe an auna karanshaf za a san ko sabon metal zai wadatar, ko sai an kai shi an rage milimita 0.25 a sa metal mai kauri daidai da haka.

Kafin kuɗin wannan aikin su taru, ga yadda ake lallaɓawa. An rage lodin saman mota. Ana tashi da wuri don a gama hawan kafin rana ta take, musamman a watan Maris da Afrilu. Na ɗiga jan fenti a gilashin kowane geji, ɗaya a kan 120, ɗaya a kan 20, don kada Baba ya tsaya karanta lamba yana tuƙi. In allurar zafi ta doshi ɗigonta ya rage gudu ya sauke giya. In ta matsi ta faɗo ƙasa da nata mota na gudu, ya sauka gefen titi ya kashe. Mun kuma yi magana a gaban Umma cewa abin da allura ta nuna ba hujja ba ce a kan kowa.

Wata rana a hanyar dawowa, bayan Saminaka, ya lura duk kwanar da ya sha sai allurar matsi ta yi ƙasa ta dawo. Ya tsaya ya zaro sandar gwajin mai, ya tarar da ƙyar ta taɓa. Sil ɗin bayan inji ne ya fara zuba, man da ya rage yana gudu gefe ɗaya a kwana, famfo na zuƙar iska. Ya ƙara lita biyu daga galan ɗin da ke bayan kujera, ya iso gida a hankali. Ko a ranar fitilar ba ta kama ba. Bai ba ni labarin ba, yaron mota ne ya faɗa min.

An canza sil ɗin. Kuɗin buɗe inji sun kai kusan kashi biyu cikin uku, muna sa ran bayan kwasar adashin Umma a shiga aikin. Baba kuwa har yanzu agogo yake ce musu. Sai dai duk ranar da ya isa Jos yakan kira ni, ko gaisuwa ba ma gamawa zai ce, "Rubuta. Bayan Jengre, 114 da 28."